Gwaggo da Motar Moris

Karo na biyu ke nan Dakta Abdulwahidu yana zazzage kwandon a kan teburin falo. Kofunan tangaran huɗu suna nan da farantansu, ga cokula, ga gwangwanin ganyen shayi, ga kwalbar jam ɗin lemo mai ɗaci wanda duk gidan babu mai iya ci, har shi da ya saya. Butar shayin ce babu. Ya leƙa kicin ya tambayi matarsa Mero. Ta ce ita tun ranar da ya yi mata lacca ta minti ashirin a kan soson ƙarfe ta daina taɓa kayansa na Ingila, ya nema can.

A baranda ya ga butar. Gwaggo tana zaune a kan 'yar kujera, ta tattare zani zuwa gwiwa, tana tsiyaya ruwa a ƙafarta ta hagu daga butar nan mai ruwan azurfa da ya yi wata uku yana jiran isowarta daga Ingila. Alwalar walaha take yi. Tun zuwanta ta ce ita ba za ta ambaci sunan Allah a ɗakin da ake kewayawa ba, ko da an lulluɓe shi da tayil har rufi, don haka baranda ta zama wurin alwalarta. Butarta ta roba kuwa tun jiya ta cusa ta a jaka, domin yau jirginta zai tashi zuwa gida. Ta fito ta ga wata a kan tebur, ta ɗauka.

"Gwaggo, me kike yi haka? Wannan fa ba butar bayi ba ce. Wai komai kika gani a gidan nan sai kin taɓa?"

Da ƙarfi ya faɗa, har Mero ta fito da ludayi a hannu. Gwaggo ba ta ɗago ba sai da ta gama wanke ƙafar, ta yi addu'arta a hankali. Sannan ta juye sauran ruwan a tukunyar fulawa, ta goge butar da gefen mayafinta ciki da waje, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Yi haƙuri, Audu. Ni a sanina buta buta ce."

Duk faɗin Kuala Lumpur ita kaɗai ke kiransa Audu. Ya karɓa, ya jujjuya butar yana neman ƙwarzane, bai samu ba. Ya ji nauyin abin da ya faɗa, amma magana zarar bunu ce, ga agogo kuma yana nuna takwas saura. Ya juya ya koma wajen kwandonsa.

Wannan ciwo na son kayan Ingila shekara huɗu ke nan da kama Dakta. Wata ranar Asabar ya ga tsohuwar Moris ƙirar 1961 a bayan wani gareji a Sentul, kyanwa ta haihu a kujerar baya. Ya saya, ya kashe mata abin da Mero har yau ba ta sani ba, ta tashi tana sheƙi. Daga nan ya faɗa ƙungiyar masu tsoffin motocin Ingila, yawancinsu 'yan fansho ne masu kumbar susa, Sinawa da Indiyawa da Malayawa. To, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Mutanen nan ba sa tsayawa a mota. Wanda ya sayi motar Ingila sai ya ga ashe hular kansa ba ta dace da ita ba, sai ya yi odar hular ulu mai ɗan baki a gaba. Hula ta nemi kwat, kwat ta nemi takalmi, takalmi ya nemi burushinsa da mansa, su ma sai na can. A garin da ko singileti mutum ya sa sai ya jiƙe da gumi, a nan Dakta ya mallaki kwat irin ta masu kiwon tumaki a ƙasar sanyi, da safar hannu ta fata, da bargo, da laima mai lanƙwasasshen mariƙi. Mero ta ce da ana sayar da hazon Landan a kwalba da tuni yana cikin firjinsu. Shi kuwa ko sau ɗaya bai taɓa taka Ingila ba, digirinsa na uku ma a nan Malesiya ya yi.

Amma kada a ɗauki alhakinsa duka, motar tana da tushe. Mahaifinsa Malam Ashafa, yayan Gwaggo, shekara goma sha ɗaya ya yi yana wanke wa wani Baturen kamfanin gyaɗa mota irin wannan a Bompai. Ya rasu Audu yana ɗan shekara biyar. Gwaggo ce ta ɗauke shi, da kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta riƙe shi har ya gama sakandare. Da idonta ya yi yana, shi ma bai yi ƙasa a gwiwa ba, ya aika aka kawo ta nan aka yi mata aiki. Ranar da aka cire mata bandeji, mako shida da suka wuce, ya sauko da ita daga hawa na goma sha huɗu zuwa wurin ajiye motoci, ya yaye wa Moris rigarta. Ta daɗe tana kallo da sabon idonta.

"Ita ce," in ji ta. "Babanka ya wanke irin wannan har hannunsa ya yi kanta, amma bai taɓa zama a cikinta ba, ko tana tsaye. Ni nake kai masa abinci, ta shinge nake leƙenta. Audu, kafin in tafi ka zaga da ni, in zauna masa."

Ya ce ai wannan ƙaramin abu ne, gobe ma. Sai dai a makon farko ruwa aka yi ta yi, motar kuwa ba ta fita a ruwa. A na biyu an mai da ita Sentul a taɓa fentin ƙofa ɗaya. Sai jarrabawar ɗalibai ta shigo, sai kuma gasar shekara ta matso, aka goge mota aka rufe, ko ƙuda ba a yarda ya sauka a kanta ba. Gwaggo ta tuna masa sau biyu, daga nan ta yi shiru. Shi da bakinsa ya ce ta kwantar da hankalinta, ranar Lahadi tare za su je gasar, ta shiga motar, ta kuma ga 'yan'uwanta hamsin a fili ɗaya. Jirginta sai tara na dare, biyar na yamma za a bar gida, akwai lokaci.

Ga Lahadin ta zo. Tun asuba Gwaggo ta yi wanka ta ɗaura sabon zanen da Mero ta saya mata a kasuwar Chow Kit, hannuwanta sun sha lalle ja wur.

Dakta ya yi sawu uku a lif yana lodin kaya. Teburi da kujerun naɗewa suka cika but. Kwando da bargo da laima da wani tsohon garmaho suka hau kujerar baya. Kek ɗin da ya yi oda, mai hawa biyu a cikin dogon kwali, ya zauna a kujerar gaba. Ya tsaya yana kallon farar fatar kujerun da ya wuni jiya yana shafa wa mai. Ya tuna lallen nan, ya tuna goron da ba ya rabuwa da bakinta, ya tuna man zafin da take mulka wa gwiwa, wanda warinsa ke kwana uku a ɗaki. Alƙalan gasa kuwa har kai suke cusawa cikin mota su shinshina. Gaskiya ɗaya ce, wuri akwai in da ya so. Bai so ba.

Mero ta tare shi a bakin ƙofa. Ya gaya mata babu wuri, kuma rana za ta wahalar da tsohuwa, zai dawo kafin azahar ya zaga da ita gari a tsanake, har ta ga dogayen benayen nan tagwaye.

"Abban Khaulah, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ba ta kek ɗin ta riƙe a cinya mana."

"Please, Mero. Na makara."

Ya leƙa ɗakin Gwaggo. Tana bakin gado, ta riga ta sa takalmi, jakar hannu da carbi a kan cinya. A tsaye ya yi mata bayanin, ko rusunawa bai yi ba, kwat ɗin ta riƙe shi. Ta dube shi tun daga hular ulu har takalmin, ta ce to, Allah ya ba da sa'a, ita tana nan. Yana fita ya ji ƙarar takalminta ɗaya ya faɗi a kan tayil, tana cirewa.

Wurin gasar filin ciyawar wani tsohon kulob ne a cikin gari. Kafin ƙarfe tara motoci sun jeru suna ɗaukar ido, kowace da teburinta a gefe an shimfiɗa farin ƙyalle. Dattawa masu jikoki suna ta zirga-zirga cikin ulu, gumi yana bin ƙeyarsu, kowa yana nuna wa ɗan'uwansa abin da ya iso masa daga Ingila a bana. Wannan agogon aljihu, wancan sandar dogarawa, wani kuma sabulun aski ne ya zo da shi a aljihu yana ba mutane suna shinshinawa. Dakta ya shirya nasa teburin, ya ɗora butar a tsakiya, ya ja baya ya duba. Abin ya yi kyau, wannan ba a musu.

Maƙwabcinsa a layi Haji Tajuddeen ne, Bamalaye, tsohon injiniyan jirgin ƙasa, mai wata doguwar mota baƙa da kowa ya san ta fi ta kowa tsada a filin. Ƙofar gabanta a buɗe take. A ciki wata 'yar tsohuwa ce zaune, ta cire takalmi ta naɗe ƙafa a kan kujera, tana cin shinkafar kwakwa da hannu daga ganyen ayaba, miyar barkono tana ɗiga. Mahaifiyarsa ce, shekararta casa'in da ɗaya. Idon Dakta ya tsaya a kan ƙwayoyin shinkafar da suka zuba a fatar kujera, har Haji Tajuddeen ya lura ya yi dariya.

"Ƙyale ta kawai, Dakta. Duk shekara maki biyar take ja mini, alƙalan ma sun saba. Ina gwaggon taka? Ba ka ce yau za ka zo da ita ba?"

Ashe ya faɗa, tun watan jiya, a wajen shan shayi, lokacin da faɗar ba ta da tsada. Ya ce ba ta ɗan jin daɗi ne. Haji Tajuddeen ya sunkuya ya fassara wa uwarsa. Tsohuwar ta ajiye ganyen, ta goge hannu, ta ɗaga tafuka sama ta yi wa Gwaggo doguwar addu'ar samun sauƙi. Sannan ta laluba ƙarƙashin kujera ta ciro wani ƙunshi, 'yan kayan zaƙi ne na shinkafa da kwakwa da ta sa aka yi tun jiya, wai don baƙuwar Najeriya, tun da ta ji ita ma tsohuwa ce za su zauna tare. Ta ce a kai mata. Dakta ya karɓa da hannu biyu ya shafa addu'ar tare da su, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Ya duba agogo, sha ɗaya saura kwata. Daga nan zuwa gidansa a Danau Kota ranar Lahadi bai fi minti ashirin da biyar ba. Zai iya zuwa ya ɗauko ta. Har ya laluba makulli a aljihu. Amma dokar gasa ita ce motar da ta bar fili kafin alƙalai su zo ta fita ke nan, kuma an ce sha ɗaya za su fara. Ya ce bari dai su wuce, minti nawa ne.

Alƙalai ba su fara ba sai sha biyu da rabi, kuma daga wancan ƙarshen layin suka faro. Mero ta kira sau biyu bai ɗauka ba, ya tura mata saƙo cewa ya kusa tasowa. Aka kira azahar, ya je masallacin kulob ya tuɓe kwat, rigar ciki ta manne masa a baya. Bai san me ya karanta a sallar ba. Sai wajen biyu da kwata suka iso kansa, su uku da fararen safar hannu. Suka buɗe bonet, suka leƙa ƙarƙashi, ɗaya ya cusa kai ciki ya ja numfashi ya gyaɗa kai. Babbansu, wani dattijo Basine, ya ɗaga butar ya kalli fuskarsa a jikinta, ya ce bai ga mai ƙyallinta ba yau, da me ake goge ta? Dakta ya ce da ƙyalle mai laushi.

Ƙarfe uku da rabi aka kira sunansa, shi ne na ɗaya a tsara kaya, na biyu a ajin motarsa. Aka ba shi ɗan kofi da gwangwanin biskit na Ingila, aka tafa, aka ɗauki hoto. Shekara huɗu yana mafarkin wannan tafin. Da ya zo, bai ji komai ba sai son a sake shi ya tafi.

Yana cikin watsa kaya a mota hadari ya haɗo, irin na garin nan da ba ya sallama. Sauran 'yan ƙungiya suka ruga suna lulluɓe motocinsu, za su jira ya ɗauke. Dakta ya tayar da Moris ya shiga ruwan. 'Yan waifofinta biyu suna ta faman kai da komo ba sa share komai, gilashi ya yi hazo, ya cire hular ulun yana goge shi da ita. A hanyar Setapak ruwa ya taru, motoci suka tsaya cak. Ya zauna yana dukan sitiyari da tafin hannu. Gwaggo ta haura tamanin. Likita ya ce idon ya yi kyau, babu dalilin dawowa. Motar nan kuma ba za ta je Kano ba. Duk wannan ya san shi tun da safe, yanzu ne kawai ya yarda ya dube shi.

Biyar saura minti biyar ya shigo harabar gidan. A ƙarƙashin rumfar shiga ya gan su. Abdulbasit, ɗalibin da yake duba wa aikin digiri, ya kawo 'yar motarsa an riga an cusa jakunkuna. Matan ɗalibai huɗu ko biyar sun sauko sallama. Gwaggo tana tsakiyarsu, ta cire sabon zanen, ta sa tsohuwar doguwar rigar da ta zo da ita da hijabi ruwan toka.

Bai ko kashe mota ba ya fito. Ya buɗe ƙofar baya ya shiga fitar da kaya yana direwa a jiƙaƙƙen siminti, kwando, bargo, garmaho, laima. Wani abu ya fashe a cikin kwandon, bai duba ba. Ya share kujerar da hannun kwat ɗinsa. Sannan ya zo gabanta ya durƙusa, a gaban ɗalibinsa da matan mutane.

"Gwaggo, ki shigo. Ni zan kai ki har filin jirgi. Kaya su bi Abdulbasit."

Ta dubi motar, ruwa yana gangarowa daga rufinta. Ta tambaye shi ko an ci gasar, ya ce an ci. Ta ce madalla, Allah ya sanya alheri. Ya sake cewa ta shigo.

"A'a, Audu. Ka ga na sa lalle, ga man zafi a gwiwata. Kada in ɓata maka."

Bai taɓa furta wannan ba, ko ga Mero. Ya rantse mata ba komai, ya ce ta zuba mata manja ma in ta ga dama, motarta ce, shi ya yi kuskure, ta yafe masa maganar safe da duk sauran. Muryarsa ta karye. Matan suka kawar da kai, Abdulbasit ya shiga gyara jakar da ba ta bukatar gyara. Gwaggo ta ɗora jan hannunta a kansa kamar yadda take yi yana yaro in zazzaɓi ya kama shi.

"Na yafe maka tun kafin ka sauka daga bene. Tashi, kana jiƙa wandonka. Motar ce dai ta fita daga raina."

Babu faɗa a muryarta, shi ya sa ya san ba za ta sauya ba. Mero ta riƙe mata hannu ta shiga gaban motar Abdulbasit, ta ja mata bel, ita kuma ta matsa a baya tare da jaka. Ba ta kalli mijinta ba. Ya ce zai bi su. Ya bar wa maigadi kayan a inda suke, ya tura ƙofar baya ya shiga.

Da farko Abdulbasit ya yi masa kara, yana tafiya a hankali don kada ya bar malaminsa a baya. Ta gilashin bayan motar Dakta yana hango hijabin nan ruwan toka, kanta a miƙe tana kallon gaba. Amma ruwa ya cinye musu kusan awa guda kafin su fita gari. Suna hawa babbar hanya wayarsa ta yi ƙara. Mero ce, ta ce wata mata da za su shiga jirgi tare da Gwaggo ta kira, an fara auna kaya, su za su wuce, ya same su can in ya samu dama.

Ya taka mai iya ƙarfinsa. Allurar gudun Moris ta kai tamanin ta tsaya tana rawa, ita ma tsohuwa ce, iyakarta ke nan. 'Yar motar Abdulbasit ta koma layin dama, wata tirela ta shiga tsakaninsu, da ta wuce bai ƙara ganinsu ba. Allo ya nuna saura kilomita arba'in da ɗaya. Ya san kafin ya isa, ya sami wurin ajiye mota, ta riga ta shige inda ba a bin matafiyi.

Bai juya ba. Ya koma layin manyan motoci ya ci gaba da tafiya shi kaɗai, da wurin mutum uku a cikin motar, ƙofar bayan da bai rufe da kyau ba tana ta ƙara.